Garin Kafson Mai Walda

Kaf unguwar babu wanda bai san mai walda da zargi ba. Ko gaishe shi ka yi da fara'a, sai ya laluba aljihunsa. Tun yana saurayi mahaifinsa ya rasu a gadon asibiti, shi ke nan ya yanke wa duk mai farar riga hukunci. Shi ne likitan gidansa. Mura, kafso. Ciwon kai, kafso. In tartsatsin walda ya ƙona shi, ya fasa kafso ya barbaɗa garin. Da an ji dama-dama sai ya ɓoye sauran, wai kar a yi asara.

Ranar da ruwan zafi ya kife a hannun autarsa ma haka ya yi mata. Sai da ƙunar ta fara wari matarsa ta kinkime ta zuwa asibiti, yana biye yana mita.

A ɗakin masu ƙuna ya kasa ya tsare. Allurar farko ba ta yi aiki ba, aka canza wata, ita ma shiru, zazzaɓi sai gaba yake.

"Ruwa suke ɗura mata," ya raɗa wa matarsa. "Maganin gaskiyar kuwa kasuwa suke kaiwa."

"Baban Auta, ka ji tsoron Allah."

Ko a jikinsa. Da nas ta juya baya sai ya kwance bandejin da yatsunsa masu baƙin mai, ya barbaɗa garinsa. Nas ta lura ɗaurin ba nata ba ne, ita ma ta sa masa ido.

Rannan likita ta tsaya bakin gadon, ta ce gwaji ya nuna ƙwayoyin cutar da ke cikin ƙunar sun saba da magungunan, ba sa jin su. Saura guda ɗaya, in ya ƙi sai dai a yanke hannun.

"Me take sha a gida? Me ake sa mata a ciwon? Ku gaya min gaskiya."

Ya buɗe baki zai ɗora wa asibitin laifi, Auta ta riga shi.

"Baba yana sa min nasa kullum, don in warke da wuri."

Da alfahari ta faɗa. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya fito da sauran kafson ya ajiye gaban likita.

"Likita, ki ce min maganinku na ƙarshen zai yi."

Ba ta ce ba.