Abdulrazak da Dalmar da Ke Maƙalewa

Abdulrazak ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko a jirgin metro, layi na goma sha uku da ke kai shi gida Saint-Denis, in ya samu kujera sai ya bar wa wani, ya tsaya yana kaɗa ƙafa. Shekararsa hamsin da huɗu, ashirin da shida daga ciki a Faransa. Aikinsa gyaran ma'auni a kasuwar Rungis, na masu kifi da na masu nama. Ɗan maƙeran Maraɗi ne, har yau akwai tabon tartsatsi a bayan hannunsa.

Wuri ɗaya ne ƙafar ke daina rawa: wurin harbi na kulob ɗinsu, inda ya shekara tara yana wasan saiti da ƙaramar bindiga mai ɗura kanta, da takardunsa na izini cif. Abokan wasansa a kanti suke sayen harsashi. Shi kuwa ya ce ɗan maƙeri ba ya sayen abin da wuta ke iya yi. Ran Asabar yakan buɗe ƙofar gareji, ya narka dalma, ya zuba kawunan harsashinsa, ya auna kowane ɗaya kamar mai sayar da zinariya.

Bana ya canja bindiga, sai matsala ta faro. Harbi talatin na farko, duk a baƙin tsakiya. Daga nan sai harsashi ya fara yawo. In ya leƙa bututun, sai ya ga dalma ta shafe cikinsa kamar ƙanzo a gindin tukunya.

Yanis, shugaban tawagar kulob, haifaffen Paris ne, iyayensa 'yan Tawa. Tonton yake ce masa, wato kawu. Ya tare shi a bakin ƙofa.

"Tonton, mutum uku za mu kai gasar Lyon, kuma harbi sittin ake yi, ba talatin ba. Gwaji nan da sati uku. In ta sake watsewa, désolé, sai haƙuri, wani zan saka."

"Ba hannuna ba ne, dalma ce."

"To alƙalan Lyon dalma za su ba maki?"

Shekara tara yana jiran wannan gurbi. Ya koma gareji da abin da ya gada. A maƙerar babansa, in bakin gatari ya lanƙwashe, maganinsa ɗaya: a ƙara masa tauri. Don haka ya ƙara haɗi mai tauri a dalmar, kuma da kan harsashi ya fito da zafinsa sai ya tsoma shi a bokitin ruwa, cuu, yadda tsoho yake yi wa galma. Harsasan suka yi taurin da farce ba ya kama su. Ya je ya gwada. Wannan karon tun a harbi na ashirin bututun ya shafe. Ya ƙara tauri. Ya ƙara lalacewa. Ya goge bututu har buroshi biyu suka mutu.

Ana saura kwana goma sha biyu, dole ta kai shi Lyon, sunan jikar yayarsa, Hajiya Kadidiatou, tela ce a unguwar Guillotière. A jirgi ya yi ta kai da kawo tsakanin taragu, yana juya kan harsashi ɗaya a aljihu kamar carbi.

Da aka watse daga suna, Hajiya ta ja shi shagonta, ta ce za ta ɗinka masa kaftani.

"Yaya, ai kina da awona na bara."

"Na bara? Ɗaga hannu, malam. Wannan tumbin a bara ka same shi?"

"Yadin dai ki sa mai ƙarfi."

"Ji shi! Duk ku ɗaya ne da Baba, komai ƙarfi, ƙarfi. In riga ba ta zauna wa mai ita ba, ko da fatar raƙumi aka yi ta, iska ce za ta yi ta shiga. Tsaya mini wuri ɗaya, kana rawa kamar an sa maka tururuwa!"

Ta zagaya metir ɗin awo a ƙirjinsa, ta rubuta. Shi kuwa ya mai da hannu aljihu, ya taɓa kan harsashin. Harsashi dubu nawa ya ɗora a ma'auni? Nauyinsu ya sani har ƙwayar ƙarshe. Amma bututun sabuwar bindigar, wanda shi ne zai sa rigar, bai taɓa auna faɗin cikinsa ba. Awon tsohuwar bindiga yake ta yi wa ɗinki.

Bai jira tuwon yamma ba, ya nufi tashar jirgi. Hajiya ta bi shi da faɗa har bakin titi.

Washegari ya shafa wa ɗan curin dalma mai laushi mai, ya tura shi a hankali ta cikin bututun da ba komai a cikinsa, ya fito da shi ta ɗaya bakin, ya auna. Bututun ya fi harsasansa faɗi da abin da bai kai kaurin gashi ba. Ta wannan 'yar kafar zafin albarushi ke kutsawa ta gefe, yana lasar dalmar yana manna ta a bango. Da mai laushi ce, da ta ɗan buɗe ta toshe kafar. Shi kuwa kullum ƙara mata taurin kai yake yi.

Ya zubar da ruwan bokitin. Ya tsaya yana kallonsa yana bin kwata, kamar ya saɓa wa tsoho. Sannan ya sake zubi da dalma mai sauƙi, ya bar ta ta huce da kanta, ya daidaita faɗinta da awon bututu.

Ran gwaji, da ya wuce harbi na talatin, ƙafar ta so ta fara. Ya danne ta. Arba'in, hamsin, sittin. Yanis ya ɗauko takardun da aka harba, ya ƙirga maki, ya sake ƙirgawa.

"Na uku, Tonton. Da maki biyu. Kada ka yi mini fankama."

Abdulrazak ya ɗauko bindigarsa. Ya cire bututun, ya ɗaga shi wajen fitila. Haske ya ratsa tas.

A Lyon na goma sha bakwai ya zo cikin mutum arba'in da ɗaya. Hajiya ta ƙi zuwa kallo, ta ce ita da ƙarar bindiga sai dai a labari. Amma da ya biya shago, kaftanin na rataye. Ya sa, ya zauna masa daidai.

"To zauna mana ka sha shayi," in ji ta.

Ya zauna. Ya kai kusan minti goma.