Ranar da Na Ɗanɗana Wutar Rediyon Kakana

Shekarun baya, wata ranar kasuwar Jega, idona ya faɗa kan wata budurwa 'yar Gumbin Kure tana sayen batir. Ba ta yarda da rantsuwar mai tireda ba. Ta ɗauki ɗan batirin nan mai kai biyu, ta ɗora a harshenta, ta runtse ido ɗaya, ta ce, "Wanga ya mutu, sake min." Lokacin littattafan soyayya sun cika min kai, don haka nan take na yanke cewa ƙaddarata ce tsaye a gaban tireda.

Da na bincika, sai na ji bikin yayanta ya kusa. Na roƙi a bar ni in riƙe makirufo ranar, aka yarda. Nufina in karanta waƙar da na tsara mata, ba suna, amma ita za ta gane. Sai dai amfilifayar da aka aro ba ta jin makirufo sai an yi ihu, ni kuwa waƙata ta raɗa ce.

Abokina mai gyaran rediyo a Aliero ya ce sai mun haɗa ɗan akwatin da zai ɗaga muryar kafin ta shiga amfilifaya. Muka farke tsohuwar rediyon kakana, irin mai kwalabe a ciki, wadda wani Baturen auduga ya bar masa tun zamanin Turawa. Muka ciro kwalba ɗaya da taransifoma da kondensa, muka haɗa a rumfar albasar babansa.

Ana gobe biki, da hantsi, akwati ya ƙi. Kwalbar ta yi ja, amma lasifika sai gurnani. Abokina ya ɗora mitar awon wuta a ƙafar kwalbar, inda ya kamata wuta ta yi ƙarfi, allura ko motsi.

"Ko kondensa ta daina riƙon wuta, ko mitag ga ta batirinta ya mace," in ji shi. Ya kashe janareto, ya nufi tasha sayo batir. "Kak ka taɓa komi, ango."

Na zauna ina kallon kondensar. A wajenmu kowa da harshe yake gwada batir, balle ni da na ga masoyiyata ta yi. Na ce in tana da rai za ta ɗan cije ni, shi ke nan na rage wa abokina aiki. Na kama wayoyinta biyu na ɗora a harshe, na runtse ido ɗaya yadda budurwar ta yi.

Wallahi ban san da me zan kwatanta ba. Wani farin haske na gani, sai ga ni kwance cikin albasa, ƙafa sama, bakina na warin babbaka.

"Inna lillahi! Mi kay yi?" abokina ya tambaya da ya dawo. Na nuna harshe, na nuna akwati. Ya daɗe yana kallona. Can ya ce, "To, kondensa dai lahiya lau take."

Daga nan ya bi layin, ya tarar da rizistan da ke kai wuta ga kwalba, danshin rumfa ya cinye ƙafarsa ta yi kore. Wutar ta taru a kondensa ba ta da hanyar fita sai bakina. Ya sake shi, akwati ya tashi tas.

Harshena kuwa ya kumbura ya cika baki. Mahaifiyata tana ɗiga min zuma tana cewa, "Ga tuwo gida, sai wuta za ka ci?"

Ranar biki abokina ne ya karanta waƙar a madadina. Muryarsa ta fita a hankali, garau, har numfashinsa ana ji. Na hango budurwar cikin ƙawaye ta ɗago kai, ta nemi mai muryar, ta yi murmushi. Wannan murmushin ya fi kondensa jijjiga ni.

Har yau nakan tuna saura ƙiris in mutu. Na koyi cewa abu a kashe ba lallai ne ya huce ba.

Ita kuwa yanzu matar abokina ce, tana da shagon batiran sola a Jega. Duk sanda na biya gaishe su, sai ta ajiye mitarta, ta turo min babban batir, ta ce, "Malam, ɗanɗana muna wanga."