Fatantin Babana

Kome zan manta a duniya, ban da ranar da babana ya shigo wurin aikina a Magariya da wani abu ƙunshe cikin buhu. Zamanin Faransawa ne, ina akawu a biron kumandan, ina ji da kaina kamar da ni aka rubuta dokokin Faransa.

Baba maƙeri ne a Dogo-Dogo. Ya tura ƙofa, ya kwance buhun, sai ga wani ƙaramin injin ɓare gyaɗa da ya ƙera, ana juya shi da hannu, ƙwaya ta fito ba ta fashe ba. Ko uwata bai nuna wa ba. Ƙanensa da ke Kano ne ya gaya masa Turawan can suna da wata takarda wai ita "fatan": wanda ya ƙirƙiro abu a rubuta sunansa, ba mai kwaikwaya sai da izininsa.

"Kai da ka yi lakwal, ka iya karatun Nasara, binciko mini ita," in ji shi. "Ba arziki nake nema ba. So nake a san hannuna ne."

Na yi dariya. "Haba Baba, fatanti ke nan, ai kullum ita muke yanka wa mutane!"

Fatanti kuwa takardar izinin kasuwanci ce. Ko littafi ɗaya ban buɗe ba, kunnena kawai na bi. Na ce masa mai sayarwa kaɗai ake ba, ya fara fitar da injin kasuwa. Ya kai shi kasuwar Sassumbrum, jama'a suka yi ta kallo, ni kuma na yanka masa fatanti har da hatimi. Kafin kaka biyu maƙera uku suna yin irinsa. Baba ya je wa ɗayansu da takardarsa, mutumin ya zaro irinta daga aljihu.

Da ya dawo ya gaya mini, na gane akwai kuskure. Na sauko da tsofaffin jaridun gwamnati da gara ta fara ci, ina bi shafi-shafi, duk inda na ga fatanti maganar haraji ce. Sai da aka aike ni Damagaram na sauke girman kai na tambayi wani tsohon akawun kotu.

"Fatan ai bakin Ingilishi ne," ya ce. "Faransawa birebe suke cewa."

Ya ɗauko mini littafin dokokinsu, na zauna na karanta dokar da kaina, tsohuwa ce har ta girmi kakana. Can na isa wurin da ta ce abin da aka riga aka nuna wa jama'a kafin a shigar da takarda ba sabo ba ne, ba a ba shi birebe. Sau uku na karanta, ko zai canza. Na kwafe shi na nufi gida.

Na tarar da Baba a maƙera, na durƙusa na faɗi gaskiya duka. Ya ajiye gudumarsa ya tambaye ni:

"Amma dai akwai takardar?"

"Akwai, Baba."

"Kuma da injina ya isa a rubuta shi?"

"Ina jin da ya isa."

Sai ya ce in karanta masa wurin. Na karanta da Faransanci, bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya koma kan aikinsa. Bai taɓa yi mini faɗa ba har ya rasu, ni kuwa na fi son da ya yi.

Yanzu na wuce shekarun da ya yi a duniya, kewarsa kuma ba ta ragu ba. Daga shi na koyi cewa idan mutum ya amince maka ya tambaye ka doka, ka ce masa "bari in duba", ko da kana jin ka sani. Kalma uku ce kawai, ni kuwa na kasa faɗa wa ubana.