Tabarmar da mutum ɗaya ba ya saƙawa

Da niyyar faɗa na ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin da ke saman nawa. Na dawo daga aikin asibiti a gajiye, bugun katako daga saman ɗakina ya hana ni runtsawa. A unguwar Bronx ta birnin New York ne, shekarun casa'in.

Wata tsohuwa 'yar Vietnam ta buɗe. Falonta ko kujera babu, sai katakon saƙa a ƙasa da damin ciyawar fadama, an rina ta ja da kore, aike daga ƙauyensu. Ta koma kan tabarmar da take saƙawa: sai ta zura ciyawa ɗaya da sanda, ta tashi ta zagaya ta buga katako, ta sake dawowa.

Na ce, "Mama, wannan zagayen fa? A garinmu mutum ɗaya ke saƙa tabarmar kaba, yana zaune yana hirarsa."

Da guntun Turancinta ta ce, "A namu sai mutum biyu, wata ta zura, wata ta buga. Ƙanwata ce mai zurawa. Ranar da muka gudo daga ƙasarmu jirgin ruwan ya cika, aka bar ta."

Na tuɓe takalmi, na karɓi sandar. Faɗan da ban yi ba ke nan.

Ku fa jama'a, wane aikin mutum biyu kuke yi ku kaɗai?