Ranar da na tare jirgi da goyo a bayana

Tun kafin a taɓa jirgin nan da sifana nake ɗauke da tsoronsa. Shekararmu ta biyu ke nan a Dubai, muna zaune a Al Nahda, ɗaki guda cikin filat ɗin da muke rabawa da wasu mata da miji 'yan Damagaram. 'Yata ba ta daɗe da fara tafiya ba. Maigidana bakaniken jirgin sama ne, amma ba manyan nan masu kai alhazai ba. Ƙanana yake gyarawa, masu cin mutum huɗu ko shida, a wata rumfa can bayan gari inda kwalta ta ƙare rairayi ya fara. Bizata a jikin tasa take rataye, tasa kuma a jikin aikinsa. Kullum ya fita da safe sai in tsaya a taga ina tambayar kaina: in bai dawo ba wa zan kira, kuma da wane baki? Ban yi nisa a boko ba, Larabcina bai wuce na sayen tumatir ba.

Wata rana muna cin abinci ya miƙo min wayarsa. Wani ɗan jirgi ne fari, ƙafafunsa sirara kamar na balbela. Ya ce masu ɗauko marasa lafiya daga ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina ne suka saye shi, can wajejen ƙasarmu. Inda zai riƙa sauka babu kwalta, sai fako da tsakuwa da ramukan kofaton shanu. Ƙafafun da ya zo da su na birni ne, sauka biyu za su lanƙwashe. Za a cire su a ɗaura masu kauri, da manyan tayoyi.

Mako uku yana dawowa da giris a ƙarƙashin farce. Yana son aikin, na gani a yadda yake ba da labarinsa da hannu biyu. Ranar wata Laraba ya ce, "An gama. Jibi Juma'a da sassafe za mu gwada shi."

Na ce, "Za ku? Kai da wa?"

Sai ya shiga sosa ƙeya. Ashe al'adar rumfarsu ce, duk wanda ya ɗaure notin ƙarshe a ƙafar jirgi shi zai zauna kusa da matuƙi a saukar farko.

"Malam, don girman Allah ka bar wani ya hau."

"Wa? Wanda bai ɗaure ba?" Ya ajiye cokali. "In ni ba zan iya zama a kan aikina ba, da wane ido zan bari a ɗora mai naƙuda a kai?"

Na kwashe kwanuka na shige kicin, na tarar da maƙwabciyata tana yanka albasa. Ta girme ni, Yaya nake ce mata. Ta ji komai, don bangon ɗakinmu katako ne.

Ta ce, "Ke dai kin cika zullumi. Kwana biyun nan ba za ki bar mu mu sha ruwa ba. Bi shi ki gani da idonki, kalas, magana ta ƙare."

Da ƙyar maigidana ya yarda in bi shi. A lokacin Juma'a ce ranar hutu, rumfar ba cunkoso. Motar wurin aikinsu ta ɗauke mu bayan asuba, na goya yarinya, muka yi tafiyar kusan awa guda har dogayen benaye suka ɓace.

An riga an turo jirgin waje. Ƙafafun sun yi kaurin cinyar raƙumi, tayoyin kuwa kamar randa biyu aka kwantar. Ma'aikata uku na zagaye shi, ga matuƙin, wani dattijo ɗan Sudan wanda kakanninsa Hausawa ne da suka yada zango a hanyar Makka. Hausarsa irin ta tsofaffi ce. Ya gaishe ni, ya ce in zauna a inuwa.

Ban zauna ba, don idona ya riga ya faɗa kan tayar hagu. Cikinta ya baje a ƙasa. Babana mai faci ne a bakin titi a Kano, a gaban tayoyi na girma ina kai masa abinci. Abu guda da na sani ba sai an karanta min ba shi ne, tayar da ta baje ba ta da iska. Na faki ido na matsa, na danna da babban yatsa. Ta lotsa kamar burodi. Na zagaya ta dama, ita ma haka.

Na koma gefe. In na yi magana na kunyata maigidana a gaban abokan aikinsa, mace ta zo gyara wa miji sana'a. In na yi shiru, ga shi nan yana ɗaura abin kunne zai hau. Na ce a raina wataƙila za su ƙara iska kafin su tashi. Ba wanda ya ɗauko tiyo. Dattijon ya tafa hannu ya ce, "Yalla, mu tafi!"

Ban san sanda ƙafata ta kai ni ba. Na tsinci kaina tsaye a gaban tayar, goyo a baya, ina cewa da ƙarfi, "Babu iska! Wallahi babu iska a ciki!"

Ma'aikatan ba sa jin Hausa amma sun gane, ɗaya ya juya baya yana dariya, kafaɗunsa na rawa. Maigidana ya sauko, fuskarsa a murtuke.

Ya ce ƙasa-ƙasa, "'Yar mai faci, nan ba kasuwar Ƙofar Ruwa ba ce. Matsa."

"Ba zan matsa ba. Taɓa ka ji."

"Ni na sa iskar da hannuna!"

Dattijon ya iso yana murmushi. "'Yata, idonki bai yi ƙarya ba, da laushi. Amma zo ki ga." Ya sa aka gangaro da tsohuwar tayar da aka cire, ƙarama mai tauri. Ya ajiye dutse kamar dunƙulen hannu a ƙasa, ya tura ta kai. Ta yi tsalle ta karkace ta faɗi. Sannan suka haɗu suka tura jirgin kansa bisa dutsen. Babbar tayar ta haɗiye shi, ta wuce, jirgin ko gezau.

Dattijon ya ce, "A kwalta tauri ake so. A daji kuwa, in kika cika ta tam kamar ta mota, ita za ta kifar da mu."

Na gane, kunya ta rufe ni har tafin ƙafa. Amma bakina bai bi hankalina ba. Na ji kaina ina cewa, "To ta hagun ta fi laushi."

Maigidana ya dube ni ya daɗe. Na ɗauka zai daka min tsawa. Sai ya juya ya ɗauko geji, abin awon iskar taya, ya durƙusa a rairayi a gaban mutanensa, ya auna ta hagu ya nuna min inda allurar ta tsaya. Ya ja gwiwa zuwa ta dama, ya auna, ya sake nuna min. Ban iya karanta lambar ba, amma wuri guda allurar ta tsaya duka biyun. Na matsa.

Tashinsu ban kalla ba, na sunkuya ina gyara goyon da bai kwance ba. Saukar kam na kalla. Jirgin ya taho ƙasa-ƙasa yana rangaji, ya nufi filin rairayi da tsakuwa da ke gefen titinsu. Tayoyin suka taɓa, ƙafafun suka buɗe kamar za su rabu, na ce innalillahi, sai suka dawo daidai. Ya ɗan yi tsalle sau ɗaya, ya gangara ya tsaya. Sau uku suna tashi suna sauka.

Da maigidana ya fito rigarsa ta jiƙe sharkaf da zufa. Na miƙa masa ruwa, ya kafa kai ya shanye gorar tas. Ashe shi ma mako ukun nan da nasa tsoron yake kwana, bai dai sami wanda zai faɗa wa ba, tunda ni na cika gidan da nawa.

A mota muna hanyar gida, benaye suka fara bayyana. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Gobe sai sun cinye ni da tsiya." Can kuma ya ce, "Gara da aka sake aunawa."

Bayan 'yan makonni jirgin ya tafi, ban ƙara jin labarinsa ba. Mai karatu, in kana da mai tsoro a gidanka, ya tsaya maka a kan abin da ka fi shi sani, don Allah kar ka tsaya a kan "na riga na duba". Ɗauko abin awon ka sake aunawa a gabansa.