Ruwan Butar da Na Zubar a Ajame

Shekarata ashirin da biyu, ina koyarwa a wata firamaren mishan kusa da Zariya, aka sa ni cikin matasan ikkilisiya da za su je Abijan aikin bishara, su kuma halarci taron matasan Kirista. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, kanmu ya kumbura, gani muke duniya jiranmu take. Ni kuwa na fi kowa baki, don bakin ma aka zaɓe ni.

Daga Legas muka shiga jirgin ruwa. Da muka isa makarantar da ake taron a unguwar Tireshbil, ajujuwan kwana sun cika maƙil. Shugaban tafiyarmu ya ce duk mai inda zai raɓa ya je ya raɓa. Na ji an ce akwai Hausawa a unguwar Ajame, sai na ɗauki akwatina na hau bas.

Wani tsoho na tarar a ƙofar gidansa yana tsintar goro, mutumin Kano ne, ya daɗe a can har gemunsa ya yi fari. Na yi sallama, ya amsa, ya dubi akwatina, ya ɗaga murya ya ce a share ɗakin zaure. Shi ke nan fa. Bai tambaye ni ɗan wa ne ba, balle abin da ya kawo ni. Tarbiyyarsu ke nan, baƙo sai ya kwana uku ba a yi masa tambaya ba, in ya ga dama ya faɗa da bakinsa.

Da yamma matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta kawo mini acake, wato dambun rogo irin na can, da kifi, ta ajiye buta cike da ruwa a bakin ƙofa, ta jingina buzun salla a bango. A nan ya kamata in buɗe bakin nan nawa in ce, Inna, ni Kirista ne. Ban ce ba. Tsoro na ji kada a ce in nemi wani wuri. Na tura Littafin addininmu ƙarƙashin tabarma. Da asuba, da na ji motsin masu zuwa masallaci, na lallaɓo na tsiyaye butar a ƙasa, don a ga wurin a jiƙe a ce baƙo ya yi alwala.

Haka na yi ta yi, safe da yamma. Ruwan kuwa daga famfon ƙarshen layi Inna take ɗaukowa a ka, sai ta bi dogon layi da matan unguwa kafin ta samu. Ina ganinta ta taga tana shigowa, wuyanta yana rawa. Kaico, ko sau ɗaya abin bai hana ni zubarwa ba.

Rana ta huɗu ita ce ranar ba da shaida a taron. Na makara, na fita a guje, na manta Littafina a ƙarƙashin tabarma. A zauren taro aka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya. Wata yarinya daga Dahomi ta faɗi yadda aka kore ta daga gida saboda bangaskiya. Wani saurayi ya ɗaga riga ya nuna tabon bulala. Ni da me zan tashi? Da acake da kifi? Da aka kira 'yan Najeriya, abokan tafiyata suka tura ni gaba, wai ni ne mai baki.

Da Hausa na yi magana, wani ɗan Maraɗi yana juyawa zuwa Faransanci, lasifika tana kai muryarmu har titi. Na ce a wani gida nake a Ajame inda ba a yarda in buɗe Littafina ba. Na ce a ɓoye nake addu'a, kullum ana matsa mini in yi salla, amma na tsaya da ƙafata. Ƙarya tana da daɗin faɗi in ana tafa maka. Wata Baturiya a layin gaba har da share hawaye. Aka tashi tsaye aka yi mini addu'a, aka roƙa wa mutanen gidan shiriya daga duhu.

Ina buɗe ido bayan amin, na hango babbar riga a bakin ƙofa. Tsohon ne, ya jiƙe da gumi, yana rungume da wani abu a naɗe cikin farin ƙyalle.

Na je wurinsa. Ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Ɗana, ka bar Littafinka. Tsohuwa ta gani wajen shara tun washegarin zuwanka, yau kuma ta ga ka fita ba ka ɗauka ba. Na ce ɗalibi ba ya zuwa gaban malamansa hannu rabbana."

Na ce, "Baba, ya aka yi ka san nan?"

Ya ce takardar taron tana ciki, maƙwabcinsa da ya yi lakwal, wato bokon Faransa, ya karanta masa. Bas ta cika, sai ya tako da ƙafa, ya haye gada. Ƙyallen sabo ne dal, irin wanda yake naɗe nasa Littafin. Ban tambaye shi tun yaushe yake tsaye ba. Lasifikar ai a kan ƙofar take.

Shugabanmu ya matso yana tambaya ko wane ne. Nan ma an ba ni dama in koma gaban mutane in ce ga mutumin da na yi wa sharri. Na ce, "Wani dattijo ne daga unguwarmu." Tsohon ya gaishe shi da ladabi, ya juya ya kama hanya.

Na koma gidan da yamma ina jiran in ga akwatina a waje. Abinci na tarar a rufe, da goro biyu a kan faifai. An ɗauke buzun. A bakin ƙofa babu buta, sai kwanon sha cike da ruwa. Kwana biyar na ƙara a gidan, ba wanda ya canza mini fuska, ni kuma kullum sai in ce gobe zan durƙusa in nemi gafara.

Ranar tafiya ya raka ni bakin titi, ya ɗora mini ƙunshin goro in kai wa mahaifina. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne na gode.

Ya ce, "Ba komai. Abin da ka faɗa a can, tsakaninka da Allah ne, mun yafe. Amma ruwan nan, ɗana, da ka gaya mana tun farko. Tsohuwa ciwon baya gare ta."

Na yi shekara arba'in ina wa'azi bayan wannan. Sau da yawa an roƙe ni in ba da labarin tsanantawar da na sha a Abijan, don abokan tafiyata sun kai shi gida kafin ni. Sai in ce a bar maganar, ta wuce. Mutane suka riƙa cewa tawali'u gare ni.