Barandar Zauresh a Hawa na Tara

Zauresh ’yar makiyaya ce. A ƙauye ta tashi, inda in ɗari ya kama sai a shigo da ’yan raguna ɗaki a kwana tare da su. Aure ne ya kawo ta birnin Karaganda. Mijinta Baltabay yana haƙar kwal, ita kuma ta samu aiki a gidan burodi, ta yi ta cuɗa ƙullu har kafaɗunta suka fi na wasu mazan faɗi. Da aka ba su ɗakuna biyu a hawa na tara na wani dogon bene, ta daɗe tana tsoron leƙa ƙasa. Daga baya barandar ta zama fadarta. Nan take shanya, nan take jera kwalaben kabeji, nan take rataye naman dokin da dangi ke aiko mata duk farkon hunturu, sanyi ya riƙe mata shi har bazara.

Ciwon huhu ya ɗauke Baltabay, ta zauna da autanta Kuanysh da matarsa Marzhan.

Ɗakin da ke jikin barandar tun asali ba ya ɗumi. Bututun ruwan zafi mai ɗumama ɗaki na aikinsa, ka taɓa ka janye hannu, amma ƙasan ɗakin kamar ƙanƙara, kusurwar bango ta yi baƙi da fumfuna. Zauresh ta cusa tsumma a jikin taga, ta ƙara darduma, ta ce haka Allah ya yi gidan. Sai da Marzhan ta haihu, sanyin farko ya shigo, jaririyar ta kama tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

“Apa, ɗakin nan zai kashe mini yarinya,” in ji Marzhan. Haka suke kiran uwa.

“Kelin,” in ji Zauresh, yadda suke kiran matar ɗa, “mijinki a nan ya girma, ga shi nan kamar raƙumi.”

“Shi ya sa har yau da safa yake kwana.”

Zauresh ta harare ta, amma ba ta hana Kuanysh ɗauko mai gyara ba. Mutumin, Tulegen, ya ƙwanƙwasa ƙasa, ya leƙa waje, ya ce gilashi kaɗai ba zai yi ba. Kankaren baranda da na ɗaki abu guda ne, in ji shi, kamar cokali a kofin shayi, rabi a ciki rabi a waje, shi ke janye ɗumin yana kai wa iska. Sai an naɗe shi da allunan soso sama da ƙasa.

“To a naɗe mana,” in ji Kuanysh.

“Ƙasan barandarku shi ne rufin barandar hawa na takwas. Sai mai gidan ta buɗe mini ƙofa.”

Mai hawa na takwas ita ce Lidiya Karlovna, tsohuwar malamar makaranta, jikar Jamusawa. Shekaru da yawa baya, wata rana sanyi ya saki ba zato, naman Zauresh ya narke ya ɗiga a kan fararen zannuwan gadon Lidiya. Lidiya ta hau ta ce nan birni ne, ba mahauta ba. Zauresh ta ce wanda bai san nama ba ya ci gaba da cin ganye. Tun daga nan ko a lifta suka haɗu, kowacce bango take kallo.

Kuanysh ya sauka, ya dawo ba nasara. Marzhan ma haka. Zauresh ta wuni tana jin tarin jikarta kamar a ƙirjinta. Washegari da hantsi ta soya bawursak, fanken garinsu, ta cika kwano, ta ɗaura kallabin zuwa biki, ta taka matakala.

Lidiya ta buɗe ƙofa kaɗan. Rigunan sanyi biyu ne a jikinta, a cikin gidanta.

“Lidiya Karlovna, ba sulhu na zo nema ba. Rufinki na zo aro.”

“Yau kuma me zai ɗigo mini?”

“Jikata ce ba lafiya.”

Lidiya ta dubi kwanon, ta dubi fuskarta. “Ina jin tarin ta silin,” ta ce. “Na ɗauka in dai da gaske ne ke za ki sauko da kanki. Shigo, kina sako mini iska.”

Zauresh ta tarar gidan ya fi nata sanyi. ’Ya’yan Lidiya duk sun koma Jamus, ba mai liƙe mata ko taga. Suka sha shayi, Lidiya ta ce bawursak ɗin ya yi mai, ta kuma cinye rabi.

Aka yi aikin kafin ɗari ya kankama. Tulegen ya manne soso sama da ƙasa, ya kafa gilashi mai ruɓi biyu, ya toshe kowace kafa da kumfa. Zauresh ta tsaya a kansa, ta hana shi tafiya sai da ya gyara tagogin Lidiya su ma. Fumfuna ba ta dawo ba, tarin ya lafa, yarinyar ta koyi rarrafe a ƙasan da a da babba ma ba ya takawa ba takalmi. Sai dai da baranda ta yi ɗumi, ta daina riƙe nama. Kuanysh ya sayo firji babba, Zauresh ta ce naman firji ba shi da rai, har yau kuma ba ta janye maganar ba.

Hunturu biyu matan nan suka yi suna hawa da sauka, suna musu a kan komai. A na uku Lidiya ta zame a kan ƙanƙara ta karya ƙugu, ɗanta ya zo ya ce ba zai sake barin ta ita kaɗai ba, zai tafi da ita Jamus. Ranar tafiya Zauresh ta raka ta har bakin mota, ta gyara mata bargo a gwiwa.

“Can ma ki riƙa yi musu faɗa, kada ki mutu da wuri.”

“Ke kuma ki rage gishiri,” in ji Lidiya, tana share ido.

Yanzu wasu sabbin ma’aurata ne a hawa na takwas. Zauresh ta haura saba’in, gwiwa ta fara gardama, amma ita ke kai jikarta makaranta, ta kuma tsaya a bakin ƙofa sai ta ga an karɓe ta.